Raunin Lisfranc: gocewar tsakiyar ƙafa da mutane ke ɗauka targaɗe ne

In likitan ƙashi ya ce maka Lisfranc ne, abin da yake nufi shi ne gaɓar tsakiyar ƙafarka ta goce, wani lokacin ma har da karaya. Wajen doron ƙafa ne, inda dogayen ƙasusuwa biyar ɗin nan masu riƙe yatsu suka haɗu da ƙananan ƙasusuwan da ke gaban idon sawu. Sunan wani likitan Faransa ne, Jacques Lisfranc, da ya yi aiki a rundunar Napoleon.

Akwai wata jijiya mai ƙarfi da ke ɗaure gindin ƙashin yatsa na biyu, ita ce in ta tsinke sai wajen duk ya saki. Haɗarin mota ko babur yana kawo shi, ko faɗowa daga sama, ko ɗan ƙwallo da aka danne masa dunduniya yana tsaye kan yatsu, har mahayin doki da ya faɗo ƙafa na maƙale a likkafa.

Abin da yake damuna wallahi shi ne yadda ake raina ciwon nan, mutum ya ga kumburi ya ce ai targaɗe ne, a kai shi wajen mai ɗori a ja a murza, alhali ko a asibiti kusan ɗaya cikin biyar ba a gano shi a duban farko, saboda in kana kwance ƙasusuwan sukan koma mazauninsu hoton ƙashi na X-ray ya fito kamar lafiya lau. Shi ya sa ake ɗaukar hoton kana tsaye ka ɗora nauyi, a kwatanta da ɗaya ƙafar, in ba a gamsu ba a yi CT ko MRI, wato hotunan da ke nuna cikin ƙafar dalla-dalla. Dan Allah a juya ƙafar a duba tafinta, in jini ya taru wajen ya yi baƙi kuma ba ka iya takawa, babbar alama ce.

In ƙashin bai motsa ba siminti ake sawa, wajen sati shida ba takawa sai da sanduna. In kuwa ya goce ko da milimita biyu ne, galibi sai tiyata, a mayar da shi a ɗaure da ƙarfe, wasu kuma a haɗe gaɓar gaba ɗaya. Wanda aka bari haka nan tafin ƙafar yakan baje, ciwon gaɓa ya zauna masa shekara da shekaru, sannan gyaran ya fi wuya. Mai wannan alamar ya nemi likitan ƙashi da wuri, irin na Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.