Tazarar Albashi Tsakanin Unguwannin Jidda

Jidda ita ce birni na biyu a yawan jama'a a Saudiyya bayan Riyad. Ƙidayar 2022 ta nuna mazaunanta sun haura miliyan uku da rabi. Garin ya miƙe ne a gaɓar Bahar Maliya, arziki ma haka ya bi. A arewa, unguwanni irin su Shaɗi, Rauda da Abhur, nan manyan 'yan kasuwa da ma'aikatan bankuna suka tare. A kudu da kewayen tsohon gari kuwa, Karantina, Sabil, Gulail da Hindawiyya sun daɗe suna zaman matattarar masu ƙaramin ƙarfi kafin rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021.

Bayan rushe ganuwar garin a 1947, masu hali suka riƙa yin arewa, musamman da aka buɗe filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz a 1981. Kudu aka bar mata tashar jiragen ruwa, matatar mai da ɗakunan ajiyar kaya. Mahajjatan da ba su koma gida ba suka zauna nan saboda arhar haya, cikinsu har da Hausawa da sauran mutanen Afirka ta Yamma, waɗanda ake kira Takari.

Sai dai ba unguwa ce ke yanke albashi ba, takarda ce. Tun 2021, kamfani sai ya biya ɗan ƙasa riyal 4,000 a wata kafin a lissafa shi cikakken ma'aikaci a tsarin Niɗaƙat, wanda aka kafa a 2011 don tilasta ɗaukar 'yan ƙasa aiki. Baƙo ba shi da irin wannan ƙa'ida. Abin da ya shirya da kafilinsa, wato wanda ya ɗauke shi aiki ya tsaya masa, shi zai karɓa, kuma sau da yawa fasfonsa ya fi gwanintarsa tasiri. Sassaucin da aka yi wa tsarin kafilci a Maris 2021 bai haɗa da masu aikatau da direbobin gida ba. Mai iƙama (takardar izinin zama) da ya ajiye iyali kuma yana biyan kuɗin zama a kan kowane mutum, daga riyal 100 a wata a 2017 zuwa 400 a 2020.

Can ƙasa akwai marar iƙama, wanda wataƙila a Jidda aka haife shi, shi da mahaifinsa. Ba shi da kwantiragi balle ranar albashi. Da asuba za ka ga mace ta bar kudu ta nufi gidan da take wanke-wanke a arewa, ko matashi da bokiti da tsumma yana wanke motoci a bakin kanti, ido ɗaya a kan mota, ɗaya a kan jami'an Jawazat, wato hukumar shige da fice. Wannan shi ne ɓangaren da ya fi ciwo, domin alƙaluman hukuma ba sa kama guminsu.

Daga ƙarshen 2021 hukuma ta yi rusau a unguwanni kusan 60 da ta ce an gina ba bisa tsari ba, akasarinsu a kudu da tsakiya. An tanadi diyya ga 'yan ƙasa masu gidaje, amma baƙi 'yan haya sai kwashe kaya suka yi. Kuɗin haya ya tashi, iyalai da dama suka koma bayan gari ko wasu garuruwa, nesa da gidajen da suke yi wa aiki.