Mene ne "medikal" na neman biza, kuma me likita yake nema a jikin mai tafiya?

A bakin masu shirin ƙaura zuwa ƙasashen waje, "medikal" na nufin gwajin lafiyar da ƙasar da za a je take wajabta wa mai neman biza kafin ta ba shi izinin shiga ya zauna. Mutane da yawa suna ɗauka ana duba ko mutum lafiyayye ne garau, shi ya sa mai hawan jini ko mai ciwon suga yake shiga ɗakin likita gabansa na faɗuwa. Amma galibi manufar gwajin ba ta kai nan ba. Abin da ake nema shi ne wasu 'yan cututtuka da dokar ƙasar ta lissafa, galibi masu yaɗuwa, kuma ba kowane likita ne yake da hurumin yin sa ba, sai wanda hukumomin ƙasar suka amince da shi. Takardar da wani asibiti daban ya bayar ba ta da amfani a nan, kome girman asibitin.

Tsarin Amurka ya fi dacewa a yi bayani da shi, domin ya haɗa gwaji da allurar riga-kafi. Duk mai neman bizar zama na dindindin, ko ta hanyar aure ce, ko ta dangi, ko ta aiki, ko ta cacar biza, dole ne ya bi ta hannun wannan likita, kuma shi zai biya kuɗin daga aljihunsa. Masu zuwa ziyara ko karatu ba a saba neman wannan gwaji a wurinsu ba. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ita ce take rubuta ƙa'idojin da likitocin suke bi, saboda haka abin da ake yi wa mutum a Legas shi ake yi wa wani a Yamai ko Accra.

Likitan yana raba abin da ya gano gida biyu. Rukunin A shi ne wanda yake hana biza muddin matsalar tana nan, kuma ya ƙunshi tarin fuka mai yaɗuwa, da tunjere da ciwon sanyi da kuturta waɗanda ba a yi maganinsu ba, da taɓin hankalin da ke haɗe da cutar da kai ko cutar da wasu, da kuma ta'ammali da miyagun ƙwayoyi. Rukunin B kuwa cuta ce da ake rubutawa a takarda don a ci gaba da kula da ita bayan an isa, amma ita kaɗai ba ta rufe ƙofa. An cire cutar ƙanjamau daga jerin masu hana shiga tun watan Janairun 2010, ko da yake har yanzu akwai masu ɗauka cewa ita ce babban abin da Amurka take nema a jini. Batun ƙwayoyi ne ya fi kama mutane ba zato, domin likita yana tambaya kai tsaye, kuma tabar wiwi haramun ce a dokar tarayyar Amurka duk da cewa wasu jihohin sun halatta ta. Wanda aka sa a rukunin A saboda wannan dalili sai ya yi wata 12 bai taɓa ta ba kafin a sake duba lamarinsa.

Tarin fuka shi ne ƙashin bayan gwajin, kuma shi ya fi cin lokaci. Duk wanda ya kai shekara 15 ana ɗaukar hoton ƙirjinsa, yara daga shekara 2 kuma ana gwada jininsu a ƙasashen da cutar ta yi yawa. An fifita gwajin jini a kan tsohon gwajin fata ne saboda allurar BCG ta riga-kafin tarin fuka, wadda take barin ɗan tabo a dantsen yawancinmu tun muna jarirai, tana iya sa gwajin fata ya nuna cutar da babu ita. Idan hoton ya nuna wani abu a huhu, ko da tabon tsohuwar cuta ne da aka warke, sai a buƙaci mutum ya zo da sassafe har sau uku ya ba da kaki a gaban ma'aikacin asibiti, don kada a kawo na wani. Ana ajiye kakin a ɗakin gwaji har mako 8 a ga ko ƙwayar cutar za ta tsiro, kuma babu kuɗi ko alfarmar da za ta gajarta wannan jira, domin ƙwayar tarin fuka a hankali take hayayyafa. Idan ta tsiro, sai a shiga shan magani na aƙalla wata 6 a gaban ma'aikacin lafiya, bayan nan a ci gaba da neman bizar. Wanda kuma ƙwayar take kwance a jikinsa ba ta tashi ba, rukunin B ake sa shi, ya yi tafiyarsa.

Sharaɗin allurar riga-kafi ya shiga dokar shige da fice ta Amurka a 1996. Jerin ya haɗa da ƙyanda, da hangum, da rubela (wata cuta mai kama da ƙyanda), da shan-inna, da sarƙewar haƙora, da mashaƙo, da tarin shiƙa, da ciwon hanta nau'in A da B, da ƙarambau, da sanƙarau, da ciwon huhu, da mura a lokacin yanayinta, da wasu na ƙananan yara. Tsawon jerin bai kamata ya tsorata kowa ba, domin shekarun mutum ne suke nuna waɗanda suka hau kansa, kuma baligi ba ya karɓar na jarirai. Allurar korona ta shiga jerin a watan Oktoban 2021, aka cire ta a farkon 2025.

A nan ne katin riga-kafin yara, wanda iyaye mata suke adanawa a ƙasan akwati ko cikin wata tsohuwar leda, yake nuna darajarsa. Likita ba ya karɓar "an yi mini tun ina yaro" da baki, sai rubutacciyar shaida mai ɗauke da kwanan wata. Ƙarambau kaɗai ake iya yarda da bayanin mutum cewa ya taɓa yin ta. Wanda katinsa ya ɓata zai iya yin gwajin jinin da zai nuna yana da garkuwa daga wasu cututtukan, ko kuma a sake yi masa allurar nan take ya biya. Ba a tilasta wa mutum ya jira ya kammala allurar da ake yi sau biyu ko sau uku, ta farko ta wadatar, sauran ya ƙarasa a can. Mai juna biyu ba a yi mata allurar ƙyanda ko ta ƙarambau, kuma wannan ba ya hana ta biza, likita kawai zai rubuta dalili. Ƙin allura saboda addini ko aƙida kuwa yana buƙatar neman sassauci na musamman daga hukumar shige da fice, kuma sai mutum ya nuna cewa duk wata allurar riga-kafi yake ƙi, ba wadda ya zaɓa ba.

Birtaniya ta taƙaita nata a kan tarin fuka. Mai neman zama fiye da wata 6 daga ƙasashe irin su Najeriya, Nijar, Ghana da Kamaru yana zuwa asibitin da aka amince da shi, a Najeriya har da cibiyoyin hukumar ƙaura ta duniya, IOM, a Abuja da Legas, a ɗauki hoton ƙirjinsa a ba shi takardar da take aiki wata 6. Kanada kuwa tana gwada ƙanjamau ga wanda ya kai shekara 15, tana kuma lissafa ko jinyar mutum za ta ɗora wa tsarin lafiyarta nauyi mai yawa, sakamakon gwajinta yana aiki wata 12.

Kada a haɗa wannan duka da katin allurar ciwon shawara, wato katin nan mai ruwan ɗorawa da ake nunawa a filin jirgi. Shi yana ƙarƙashin dokokin lafiya na duniya ne, yana fara aiki kwana 10 bayan allura, kuma tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Haka ma allurar sanƙarau da Saudiyya take wajabta wa maniyyata sharaɗin aikin Hajji ne, ba medikal na ƙaura ba.

Abin da ya fi jefa mutane cikin asara shi ne rashin lissafin lokaci. Sakamakon gwajin Amurka wata 6 yake aiki, wani lokaci wata 3 ga wanda aka ga alamar tarin fuka a hotonsa, kuma wa'adin bizar ba ya wuce na gwajin. Wanda ya yi gaggawar yin medikal tun kafin a sa masa ranar ganawa da jami'in biza, ko wanda takardunsa suka daɗe a ofishin jakadanci, yana iya tarar da wa'adin ya ƙare, sai ya sake gwajin ya sake biya. Idan kuma likita ya miƙa sakamakon a cikin ambulan da aka liƙe, a rufe ake kai shi ofishin jakadanci, domin ba a karɓar wanda aka buɗe.