Ƙara layin shiru a fayil ɗin sauti

Layin shiru layin sauti ne da ake sa wa fayil babu komai a cikinsa, sifili zalla, don yawan layuka ya kai yadda na'ura ko gidan talabijin ke nema. Misali mutum yana da sitiriyo mai layi 2, hagu da dama, amma an ce sai ya kawo 5.1 mai layi 6, to sauran huɗun sai a cike su da shiru. Yawanci da SoX ko FFmpeg ake yi, manhajojin da ake rubuta musu umarni da hannu.

Tarihi

SoX ce tsohuwa. Lance Norskog ya fitar da ita a 1991 a Usenet, wani tsohon dandalin tattaunawa na intanet, da farko ma Aural eXchange ake kiranta kafin a canza suna, sannan Chris Bagwell ya karɓi kula da ita wajajen 1996. Fitowa ta 14.4.2 ta zo a 2015, daga nan aikin ya yi sanyi sosai, duk da haka har yau masu aikin sauti ba su saki ta ba, kuma da gaskiyarsu don umarninta gajere ne. FFmpeg kuwa Fabrice Bellard ne ya fara ta a 2000. Da tana da zaɓin -map_channel inda -1 ke nufin layin shiru, an cire shi a fitowa ta 7.0 a 2024.

Yadda ake yi

A SoX, a umarnin remix, 1 da 2 su ne layukan da ke akwai, sifili kuma shi ne shiru:

sox shiga.wav fita.wav remix 1 2 0 0 0 0

Kada a ɗauka wannan ɗaya ne da umarnin channels na SoX, shi kwafin layukan da ke akwai yake yi, sai ka ji muryar hagu tana fitowa a lasifikar baya. In an rage zurfin sauti, wato yawan bit da ake ajiye kowane ɗigon sauti da su, zuwa bit 16 kuma SoX takan zuba ɗan ƙaramin shuu da kanta, har cikin layin shirun, zaɓin -D ke hana ta.

A FFmpeg ana amfani da pan, wato pan=5.1|FL=c0|FR=c1, inda FL da FR ke nufin lasifikun gaba na hagu da dama, c0 da c1 kuma layuka biyun sitiriyon, duk layin da ba a ambata ba shiru zai zama.

Girman fayil

A WAV, nau'in fayil ɗin da ba ya matse sauti, shiru ma yana cin wuri, layi ɗaya a 48 kHz da bit 24 yana cin kusan MB 8.6 a minti. FLAC, wani nau'in fayil ɗin sauti, tana matse shi kusan ya ɓace.

Saɓani

Wasu na ganin gara a watsa sitiriyon a duk lasifikun maimakon a bar su shiru, wasu sun ce hakan ɓata aikin mai haɗa sautin ne.