Jaket ɗin fata na hawa babur: abin da za ka duba kafin ka saya

Me ya raba shi da sauran rigunan fata?

Aikinsa ne ya raba su. An ɗinka shi ne domin ranar da mahayi ya faɗi yana jan jiki a kan kwalta. Samfurin da aka fi sani, mai zif a karkace, Irving Schott ne ya fito da shi a birnin New York na Amurka a 1928, ya sa masa suna Perfecto. Karkatar zif ɗin tana da dalili: fatar tana ninkuwa biyu a ƙirji ta tare iska, kuma rigar ba ta tokare mutum idan ya sunkuya.

Fatar wace dabba ta fi?

Ta saniya aka fi amfani da ita, kuma masu kaurin milimita 1.2 zuwa 1.4 su ake nema don hawa. Ta akuya ba ta kai ta nauyi ba, ga laushi ga ƙarko. Ta kangaru siririya ce amma da ƙarfi, shi ya sa masu tseren babur ke son ta, sai dai akwai tsada. Ta ɗan rago kuwa daɗin taɓawa kawai gare ta. A bar ta ga masu zuwa biki.

An rubuta "fata ta gaske" a jikin rigar. Bai isa ba?

Ko kusa. A nan ake cin kasuwar mutane. Fata mai kauri akan tsaga ta gida biyu bayan jima. Ɓangaren sama, inda gashi yake a da, shi ne mai ƙarfi, musamman idan ba a kankare fuskarsa ba. Na ƙasa yakan samu shafen roba da zanen ƙarya a kai, kuma shi ma sunansa fata. Akwai ma wadda ake haɗawa da ɓarɓashin fata da gam, wadda ba ta daɗewa take fara saɓulewa.

Ka danna babban yatsanka a jiki. Ta ƙwarai za ta yi ƙananan tamoji, ka ɗaga ta koma. Ka kai ta gaban haske ka ga ramukan gashi, ba a jere suke kamar aikin inji ba, wani wurin har da ɗan tabo. Ka leƙa bakin da aka yanka: idan ka ga yadi manne a baya, roba ce. Hanci ma yana taimakawa.

Ɗinki fa?

Sau da yawa ɗinki ne ke fara buɗewa kafin fatar ta huje. Ka nemi layi biyu ko uku a kafaɗa da gwiwar hannu, kuma ka guji rigar da aka harhaɗa da ƙananan ƙyallaye, domin kowane mahaɗi wurin yagewa ne. Zif ya zama na ƙarfe mai kauri, irin na kamfanin YKK.

Mene ne amfanin haruffan da ke kan lambar ciki?

Ƙa'idar Turai ce mai suna EN 17092, wadda ke gwada juriyar riga ga gogar titi da ƙarfin ɗinkinta. AAA ce kan gaba, sai AA, sai A. Matasan kariya, wato 'yan soso ko roba masu shanye duka da ake sakawa a cikin riga, na kafaɗa da gwiwar hannu suna ƙarƙashin EN 1621-1, na baya kuma EN 1621-2, kuma mataki na 2 ya fi na 1 shanye duka. Riguna da yawa aljihun matashin baya kawai suke zuwa da shi, sai ka saya daban. A ganina AA ta wadatar da mai hawan yau da kullum.

Yaya zan san ta yi mini daidai?

Kada ka gwada a tsaye gaban madubi. Zauna, ka miƙa hannu kamar ka riƙe kan babur. Hannun rigar ya rufe wuyan hannunka, bayanta ya rufe ƙugu, matasan kuma su zauna daram a kan gaɓoɓi. Ta ɗan kama jiki ba laifi, fata tana sakewa. Mai yalwa ce matsala, domin matashin zai goce daidai lokacin da ake bukatarsa.

Riga ɗaya za ta yi zafi da sanyi da yawon gari?

Za ta yi, idan shafinta na ciki yana cirewa, tana da zif na shan iska, kuma ana iya zare matasan. Baƙa ko ruwan ƙasa marar tarkacen ado tana shiga da kowace sutura, amma baƙa ba ta ganuwa da dare, sai ka ƙara abu mai ƙyalli. Ruwan sama dai ba abokin fata ba ne. In ta jiƙe, a shanya ta a inuwa, nesa da wuta, a shafa mata man fata bayan ta bushe.

Mai tsada ce kullum ta fi?

A'a, wani lokaci sunan kamfani kake biya. Ka raba kuɗin da shekarun da za ta yi maka. Ta ƙwarai tana wuce shekara 10 in ana kula da ita. Ta hannu ma tana da riba, muddin fatar ba ta bushe ta tsattsage ba. Ka ja ɗinkin kafaɗa ka gani, ka nemi alamar gogar titi a gwiwar hannu, sannan ka sauya tsofaffin matasan da sababbi.