Sakamakon Gwajin Gado Mai Shakku Ba Ya Nufin A Cire Nono

A Sakkwato, da zarar an ce gwajin ƙwayoyin gadon mace ya nuna sauyi, sai dangi su tsorata, wai dole a cire nonuwan biyu. Ba haka abin yake ba. Akwai sauyin ƙwayoyin gadon da ake kira BRCA1 ko BRCA2 da aka tabbatar yana ƙara haɗarin sankarar mama, irin wanda ya sa aka yi wa jarumar fina-finan Amurka Angelina Jolie tiyatar cire nonuwa a 2013. Akwai kuma wanda ba a gano ma'anarsa ba tukuna. Wannan ya fi fitowa ga 'yan Afirka, domin bayananmu kaɗan ne a rumbunan bincike, kuma yawancinsu daga baya akan gano ba su da illa. Idan sankarar ta riga ta fito, girman ƙarin da ke cikin nono, matakinsa da tarihin dangi likita ke dubawa kafin tiyata.