Mece ce ƙyamar baƙi?

Ƙyamar baƙi ita ce 'yan ƙasa su riƙa kallon wanda ya zo daga waje a matsayin barazana: shi ya karɓe aiki, shi ya tsadar da haya, shi ya kawo sata. An fi jin kalmar a labaran Afirka ta Kudu, inda aka kashe mutum 62 a watan Mayun 2008. Sai dai wannan ƙiyayya tana da lokacinta. Idan kasuwa na ci, baƙo ɗan'uwa ne. Ranar da aljihu ya bushe, kuma mai mulki na neman wanda zai ɗora wa laifi, sai a tuna cewa ba ɗan gari ba ne.

Tun zamanin fataucin goro Hausawa ke zuwa Salaga da Kumasi, a ƙasar Ghana ta yau, har suka kafa zango. Lokacin da koko ke kawo kuɗi, gonaki na neman 'yan ƙwadago, ba wanda ya damu da takardar kowa. Da farashin koko ya karye, zaman kashe wando ya yi yawa, sai gwamnatin Kofi Busia ta fitar da doka a Nuwamban 1969: duk baƙon da ba shi da takardar zama, ya fice cikin mako biyu. Yarbawa da Hausawa da Zabarmawa suka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance. Cikinsu har da waɗanda aka yanke wa cibi a zango, ba su taɓa taka garin kakanninsu ba.

Ba a cika shekara 14 ba reshe ya juye da mujiya. Kuɗin man fetur ya jawo 'yan Ghana zuwa Najeriya, malaman makaranta da magina da teloli, ana maraba da su. Da farashin mai ya faɗi, ga zaɓe na tafe, ga kuma rikicin Maitatsine na 1980 a Kano da ake ta jingina wa baƙi, sai gwamnatin Shehu Shagari ta ba da nata wa'adin a Janairun 1983. Kimanin mutum miliyan 2 suka fita, wajen rabinsu 'yan Ghana. Suka cika tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas da Seme, iyakar Najeriya da Benin, mata na goye da yara, kaya a cikin jakar nan mai layi-layi da har yau ake kira Ghana mas go.

Abin da ke ci mini rai shi ne wanda bulalar ke sauka a kansa. Ba a korar mai babban kamfani, sai lebura da mai gyaran takalmi. Kuma korar ba ta cika tukunyar kowa ba. Busia ya karya darajar sidi, kuɗin Ghana, a ƙarshen 1971, sojoji suka kifar da shi a Janairun 1972. Shagari ya ci zaɓensa a Agustan 1983, sojoji suka hamɓarar da shi ranar 31 ga Disamba, sannan gwamnatin Buhari ta sake wata korar a 1985.