Kayak na shaƙatawa

Kayak na shaƙatawa wani ɗan ƙaramin jirgin ruwa ne na mutum ɗaya, wani lokaci biyu, wanda ake tuƙawa da filafili mai baki biyu, a tsoma dama a tsoma hagu. An yi shi ne don ruwan da ke kwance, irin tabki da gulbi mai tafiya a hankali, ba don teku ko ambaliya ba. Mu nan Maradi ba kasafai ake ganin shi ba, kwale-kwalen masunta muka sani, amma in ana maganar ruwan da ya dace da shi to tabkin Madarunfa ne zai fara zuwa a rai, wajen kilomita 25 kudu da gari.

Asalin shi na mutanen ƙanƙara ne, Inuwit da Aliyut na Girinlan da arewacin Kanada da Alaska, sun fi shekara 4,000 suna yin shi da fatar dabbar ruwa da suke ɗamewa a kan itace ko ƙashin ƙaton kifin tekun nan whale, suna farauta da shi. Sunan ma daga harshensu ya fito, qajaq. Wani Bature John MacGregor ne ya sa Turawa suka ɗauke shi abin wasa tun 1865, kayak ya shiga gasar Olamfik a 1936 a Balin ta Jamus, sai a 1973 aka fara zuba shi da roba mai tauri, daga nan ne ya yi araha har kowa ya iya saye.

Tsawon na shaƙatawa yawanci mita 3 ne zuwa 3 da rabi, faɗin shi wajen santimita 70 zuwa 80, nauyi kuma kilo 18 zuwa 25, wato mutum ɗaya zai iya saɓa shi a kafaɗa. Akwai wanda ake shiga ciki ƙafafu su ɓuya, akwai wanda ake zama a bisa, shi yana da 'yan ramuka da ruwa ke zurarewa da kanshi, sannan akwai na hurawa da famfo wanda ake naɗewa a jaka a ɗaura bayan moto. A ganina na zama-a-bisa ya fi dacewa da ƙasa mai zafi, don in ya kife ba abin da zai riƙe ka, juya shi kawai za ka yi ka sake hayewa.

Abin da masu shi suka fi yabawa shi ne rashin tangaɗi. Faɗin nan nashi ya sa wanda bai taɓa riƙe filafili ba ma zai iya zama cikin natsuwa tun ranar farko, kuma ba ya son zurfi, ruwan da bai kai gwiwa ba ya ishe shi, ga shi ba ƙara ba hayaƙi, sai ka matso kusa da balbela da shamuwa ba su tashi ba. Amma kowane allazi da nashi amanu. Gajartar da ta sa yake da sauƙin ɗauka ita ce ke sa hancin shi ya riƙa kaɗawa hagu da dama duk bugu ɗaya, ba ya miƙewa sosai kuma ba ya gudu, tafiyar mai ƙafa ce kusan, in kuma iska ta taso ta gefe sai ta yi ta juya shi kamar ƙwarya a randa. Wanda ya fita da hantsi lokacin hunturu iska na bayan shi zai ji daɗi, dawowa ce wahala, shi ya sa masu gogewa ke fara fuskantar iska tun da sauran ƙarfi, ta turo su gida in sun gaji. Kujerar masu araha ma ana kuka da ita, awa biyu baya ya fara ciwo.

Babban abokin gaban shi a nan dai rana ce. Zafin Afrilu da Mayu yana wuce digiri 40, roba in ta sha rana sai ta koɗe ta yi gautsi, in kuma an ɗaure shi tam da igiya a bisan mota ko aka bar shi kwance a ƙasa mai zafi, cikin shi kan loɓa ya ƙi komawa daidai. Wurin shi inuwa ne, a jingine shi ta gefe a zaure ko ƙarƙashin rumfa. Na hurawa kuwa iskar ciki tana kumbura da zafi har ɗinki ya buɗe, dole a sassauta mashi in za a aje shi a gaɓa, ga ƙayar bagaruwa da ta gawo da ba ta raga mashi.

Gulbin Maradi fa kada a ruɗu da shi. Da rani rairayi ne, da damina kuwa ruwan da ke gangarowa daga wajen Katsina yakan zo da ƙarfi da itace da shara, wannan ba ruwan kayak na shaƙatawa ba ne sam, sai ya lafa wajen kaka. Rigar ruwa mai hana nutsewa wajibi ce ko da mutum gwanin iyo ne, don Allah kar a saka yaro cikin jirgin ba ita. Ruwan kwance kuma yana iya ɗauke da tsargiya, wanda ya ga jini a fitsari bayan ya shiga ruwa ya je likita.

A Madarunfa tabkin wurin neman abincin mutane ne, akwai koma da taru da ƙugiyoyi a shimfiɗe, ga kaburburan waliyyai 99 da ake ziyarta a kewaye. Baƙo mai kayak sai ya fara gaida masunta, ya tambayi inda aka yi tarko da inda laka take kafin ya tura jirgin shi cikin ruwa.